Rasuwar Rocco, Kaskon Suyar Shagon Tarantelli

Surukina Brandon ya juye wa kaskona bokitin ƙanƙara yana da zafi, kaskon ya tsage.

Don haka, da zuciyar da baƙin ciki ya cika, ni Cosimo Tarantelli, mai shagon burodi da nama na kan kwana a kudancin Philadelphia, nake sanar da maƙwabta, da direbobin tasi, da masu tsaron ƙofar otal da suke turo mana baƙi, rasuwar Rocco, kaskon suyar gidanmu. Ya rasu ranar Talata da rana, a bakin aiki.

Marigayin baƙin ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe, faɗinsa ya kai ƙyauren ɗaki. Mahaifina ya sayo shi tun ban iya ɗaura takalmi ba. Ya sa masa sunan wansa, don shi ma nauyi gare shi kuma ba ya son surutu. Saboda kaskon nan na bar makaranta. Ban yi nadama ba.

Bai taɓa ganin sabulu ba. Bai taɓa shan ruwa ba. Kankare shi ake yi, a goge da rabin albasa, a shafa masa mai, a bar shi ya huta. Baƙin jikinsa ba dauɗa ba ce. Maiƙon naman shanu ne na shekara da shekaru, kuma shi ne abin da baƙo yake ji a bakinsa ya rasa sunan da zai ba shi. Hagunsa ta fi zafi, nan nama yake sauka. A damarsa albasa take laushi, cuku ya narke. In nama ya hau kansa sai ya ce tsssss, a hankali, kamar mai tsawata wa yaro a coci. In wuta ta yi yawa ya yi ƙas-ƙas, in rage masa.

Bai yi jinya ba. Wata mata mai yawo da baƙin gari gidajen abinci ta ce za ta kawo mota cike ranar Asabar, har da masu ɗaukar hoto. 'Yata Loretta ta ce kaskon ya cika baƙi. Ina wurin likitan gwiwa Brandon ya gani a wayarsa wai da ƙanƙara ake wanke kasko. Mai shagon wanki na kusa da mu ta ce ta ji ƙarar, ta ɗauka bindiga ce. Maganar Rocco ta ƙarshe ke nan.

Na dawo na tarar da tsaga daga wannan baki zuwa wancan, ana hango wutar gas ta ciki. Brandon yana tsaye da bokiti a hannu.

Ya ce, "Baba, na ga ana yi ne."

Na ce, "Ajiye bokitin."

Har yau ban ƙara masa ko kalma ba. Dembinski mai walda ya zo, ya duba, ya cire hularsa.

Marigayin ya bar cokulan juya nama guda biyu, da wuƙar albasa wadda wasawa ta cinye rabinta, da tsohuwar fankar hayaƙi mai tari. Ya bar ni.

Akwai maganar da dole jama'a su sani. Allon da ke saman ƙofata ya ce a kaskon mahaifina ake suya. Loretta ta sayo sabon kasko, fari tas kamar tiren asibiti, yana cikin kwali a bayan shago. So take Brandon ya ƙona masa mai har ya yi baƙi, a dasa shi ranar Juma'a, kowa ya ja bakinsa. Ta ce in motar nan ta tarar da ƙofa a rufe, matar za ta cire mu daga hanyarta, otal-otal su bi bayanta, shago ya mutu. Gaskiya ta faɗa. Na sani.

Baƙon da ya shigo garin nan yana tambayar inda zai ci, ga amsata. Ya tsallaka titi, shagon Stavros Kalogeras. Namansa da tauri, kuma yana rowar albasa. Rabon da mu gaisa tun kafin auren Loretta. Amma kaskonsa shi ne dai wanda ya ce shi ne. Jiya ya tsallako ya tsaya a ƙofata, ya ce, "Tsoho, na ji abin da ya faru. Ina da ƙarti biyu in kana neman masu ɗauka." Na karɓa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Ta ƙofar gaba za a fito da shi, ko motar baƙi tana tsaye ko ba ta tsaye. Za a kai shi bayan gidana, a ajiye shi ƙarƙashin ɓauren da mahaifina ya shuka. Masu sayen tsohon ƙarfe kada su wahalar da kansu. Ba a buƙatar furanni. Allo zai sauka a ranar. Brandon zai iya zuwa, ya tsaya daga baya.

Ina cikin rubuta wannan Loretta ta shigo, ta karanta ta bayan kafaɗata, ta dafa takardar.

Ta ce, "Baba, in ka manna wannan a ƙofa ka gama da mu. Ina da yara. Ka tsaya gaban sabon ka soya kawai. Wa zai gane? Mutanen nan daga nesa suke, ba su taɓa ɗanɗana na da ba."

Na ce, "Ɗauke hannunki."

"Rana ɗaya ce, Baba. Asabar kaɗai."

"Ba zan soya ba."