Injin Kaka Ya Daina Shan Fetur

"...lafiya lau, sai dai ban ga alamar ka yi kewata ba. Sati uku miji ya bar gida, ya dawo da jarka a hannu kamar mai tallan ruwa!"

Kaka ce ke wannan magana, tana tsaye a gaban injin markaɗenta, ta naɗe hannun riga har gwiwar hannu. Shagon ɗaki ɗaya ne a bakin layi, bangonsa ya yi baƙi ƙirin saboda hayaƙin shekara da shekaru. Robobi da bokitai sun yi jere tun daga ƙofa har bakin kwata, wannan tumatir, wannan wake, wancan masara. Wanda take wa maganar jikanta ne, ɗan 'yarta, direban tankar mai, wanda kowa ke kira Dogo. Daga tashar jiragen ruwa yake, inda ya yi sati uku yana jiran jirgin da zai kawo mai daga waje. Ya dire jarkar a gabanta yana huci.

"Ke dai tsohuwar nan ba ki da godiyar Allah. Kin san abin da ke cikin jarkar nan? Fetur ne. Fetur na gaske. Yau a garin nan ko mai kuɗi ya gan shi sai ya tuɓe hula."

"To sai ka kai masa ya tuɓe. Ni ɗankwali gare ni."

"Tun asuba nake layi saboda ke. An taka ni, an zage ni, wani har ya ce na yi kama da raƙumi."

"Wannan bai zage ka ba, ya dai faɗi abin da ya gani."

"Na ce bari in kai wa matata, kar injinta ya kwana da ƙishi, mutane su ce na gaza."

"Ai ka daɗe da gazawa, angon ƙarya. Buɗe idonka ka dubi injin da kyau."

Dogo ya leƙa. Sai a lokacin ya lura shagon ba ya wari, kuma tun da ya shigo yana jin maganarta ba tare da ta yi ihu ba. Inda tsohon injin fetur yake zaune a da, wani ɗan ƙaramin injin lantarki ne ke juya bel ɗin, yana wani sauti kamar mage na minshari. Wata waya ta bi bango ta fice ta saman kwano.

"Inna lillahi! Ina injin?"

"Na sake shi."

"Kin me?"

"Saki uku. Ya cika ci, ya cika tari, ga tashi da safe sai an yi masa magiya. Halinku ɗaya, shi ya sa nake tunanin kai ma in haɗa da kai."

"Kaka, injin da kakana ya bar miki?"

"Kakanka ya bar mini ciwon baya ma, shi ma in riƙe shi don tunawa? Na sayar da shi, na haɗa da awakina, 'yar maƙwabta da ta koyo aikin sola ta zo ta kafa mini alluna a kan rufi. Yau kwana goma sha ɗaya rana ke yi mini markaɗe."

"Rana! Ranar da ke busar da wanki ita za ta niƙa masara? Tsufa dai ya zo miki ta ka."

"Gani ya kori ji. Ga garin nan, sa hannu ka taɓa. In ka ji tsaki ɗaya na yarda ka kira ni kakarka."

"To me nake kiranki da?"

"Amarya mana. Ko ka ga furfura?"

"Ban ga furfura ba, na ga auduga an zuba a kan ƙwarya."

Matan da ke jiran markaɗe suka kwashe da dariya. Kaka ta juye robar tumatir a bakin injin, ta bi shi da ruwa, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Yi ta haushi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Kai da ka tafi da tanka guda, ina man da ka kawo?"

"Jirgi ne bai iso ba."

"Ya yi faci a hanya?"

"An ce rigima ake a can wata ƙasa, hanyar ruwan ta toshe."

"Ka ji ko! Wasu mutane da ban san kakanninsu ba, ban ci musu ba ban sha musu ba, su yi faɗa a bayan teku, ni kuma waken mutane ya yi tsami a shagona. Wata biyu da suka wuce kwana huɗu na yi a rufe. Matar mai gyaran takalmi ta tsaya a nan da jiƙaƙƙen wakenta tana hawaye, don da shi take ciyar da marayun ƙanwarta. Ranar na yi rantsuwa. Na ce ni da jiran jirgi har abada."

"Rantsuwar tsohuwa ai kamar alkawarin ɗan kaza ne."

"Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Kai da ƙasar taka duka kun zauna kun zuba tagumi kuna leƙen teku kamar masu jiran gawa. Ni tawa tankar kullum da safe take isowa, ba ta neman takarda, ba ta tsayawa a shinge, ba wanda ya taɓa ce mata buɗe mu gani."

"Allon naki fa? A bayan gidanku aka ƙera shi? Shi ma ai jirgin ya hau."

"Ya hau sau ɗaya ya sauka ya zauna. Baƙon da ya zo ya zama ɗan gida daban, wanda kullum sai an je tarbo shi daban."

"Baki dai kamar reza. Da bakin nan ake markaɗe da ba ki buƙaci inji ba."

"Da tsawonka ake ɗebo mai da ba mu buƙaci jirgi ba."

Ana cikin haka sai hasken ƙofa ya dushe. Wani girgije ya tokare rana. Sautin injin ya sauka, bel ya fara juyawa a hankali, tumatir ya koma ɗiga maimakon zuba. Dogo ya yi tsalle ya tafa hannu.

"Allahu akbar! Jama'a ku zo ku gani! Tankar Kaka ta yi faci! Ina bakin? Yanzu sai ki hau rufi ki hura girgijen da zani."

"Yi dariyarka, ba haraji."

"Ga jarka nan, amarya. Durƙusa ki roƙe ni. Ki ce, maigida na tuba. Au, na manta, ko na ba ki ba ki da inda za ki zuba. Sai dai ki sha!"

Kaka ta goge hannunta a zani, ta jawo kujera ta zauna, ta harɗe ƙafa.

"Zauna mu jira tare. Kai ai gwanin jira ne, sati uku ka yi kana koyo."

"Har magariba za ki kai a nan."

"Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya."

Bai gama neman abin da zai mayar mata ba haske ya dawo. Injin ya ɗauka, tumatir ya ci gaba da kwarara cikin bokiti. Wata mata a layi ta rangaɗa guɗa. Kaka ta miƙe a hankali, kamar wadda aka tasa daga barci.

"Nawa jirgin ya makara, ya kuma iso kafin ka rufe baki. Naka fa?"

Dogo ya zauna a kan jarkarsa, ya cire hula yana juya ta a hannu. Kaka ta dube shi ta gefen ido. Ta san shi tun yana cikin zanen goyo, ta san shirun da yake na wasa da wanda ba na wasa ba.

"Mene ne? Harshen ya ƙare kamar man?"

"Mai motocin da nake wa aiki ya ajiye tanka huɗu, har da tawa. Ya ce kowa ya zauna a gida sai an neme shi. Ban ma gaya wa mai ɗakina ba tukuna." Ya ɗaga kai ya yi murmushin dole. "Kin ga abin da irinku ke jawowa. In kowace tsohuwa ta ɗora gilashi a kan rufi, mu me za mu ɗauko?"

"Kar ka ɗora mini. Ni na hana jirgi zuwa? Wanda ya jingina da bangon wani, ran da mai bango ya tashi gyara sai ya sha ƙasa."

"To na sha. Kin ji daɗi?"

"Da sauran daɗi. Uwarka ta riga ta gaya mini tun shekaranjiya, ita ma matar wani direba ce ta gaya mata. Ka ɗauka ina zaune ne ina jiran ka zo ka yi mini kuka? Yarinyar nan mai sola aiki ya yi mata yawa. Masu ɗinki na nema, masu aski na nema, manoman bakin rafi sun dame ta kan injin ban ruwa. Ta samu motar ɗaukar kaya, ba ta da direban da zai kai gilashi ƙauye bai farfasa ba. Na ce mata ina da wani miji, ba shi da kyau, ba shi da kunya, amma shekara tara yana jan wuta a bayansa bai taɓa zubar da ko cokali ba."

"Ni? Direban tanka mai taya goma sha takwas, in koma jan akwala?"

"Taya goma sha takwas da ke tsaye, da taya huɗu da ke tafiya, wanne ke kai tukunya kan murhu? In kiɗa ya canza, rawa ma canzawa take."

"Abokaina za su yi mini dariya."

"Su yi. A layi za su yi ta, kai kana wucewa."

"Kuma ita motar tata, da ruwan rijiya take tafiya? Ai man dai za ta sha."

"Za ta sha, kamar yadda mai jinya ke shan magani kafin ya warke. Kowane allo ka sauke, ka kashe bakin inji ɗaya da ke kukan fetur. Kai da kanka za ka yi ta rage layin nan, Dogo, har wata rana jirgin ya iso ya rasa mai tarbarsa."

Dogo ya girgiza kai, dariya ta ƙwace masa.

"Wallahi tsohuwar nan, da ke aka ba ƙasar nan da tuni kin sayar da ita kin sayi gilashi."

"Da tuni kowa ya ci ya ƙoshi. Ka yarda ko ba ka yarda ba?"

"Na sallama. Yaushe zan ga yarinyar?"

"Gobe da hantsi. Amma ba a sallama mini da baki. Tsaya in ba ka tukuici."

Ta shiga lungu ta fito da wani tsohon tsumma, ta ninke shi da kyau kamar sabon yadi, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Mene ne wannan?"

"Kayan aiki. Ga tsani can a bayan ƙofa. Ƙura ta hau allunan, kuma Allah bai yi maka wannan tsawon a banza ba."

Ya karɓa yana ƙunƙuni, ya jingina tsani ya hau. Jim kaɗan aka jiyo muryarsa daga saman kwano.

"Kaka! Daga nan ina hango layin gidan mai. Wallahi ko motsi bai yi ba, har ya zagaye kasuwa!"

Kaka ta juye robar masara a cikin injin, ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Ɗaga musu tsumman! Ka ce amarya na gaishe su, in sun gaji su kawo niƙa!"