Furofesa Sallau da Farfesun Tarwaɗa

Wani mutum ne a garinmu, sunansa Sallau, amma in ka kira shi Sallau ba zai waiwayo ba, sai ka ce Furofesa. Shekara tara ya yi a birni, ya dawo da tabarau, da farar riga irin ta likitoci, da baki kamar rediyo mai sabon batir. Cewa yake yi a ɗakin binciken dabbobi na wata babbar makaranta ya yi aiki. Kuma bai yi ƙarya ba, a can ɗin ya yi aiki. Abin da ba ya faɗa shi ne da tsintsiya da tsumma ya yi shi.

A bangon ɗakin akwai wani babban allo mai hotunan dabbobi, kullum da safe sai ya goge shi. Garin gugar ya haddace manyan rubutun da ke sama. Ƙananan na ƙasa kuwa bai taɓa sunkuyawa ya duba ba. Da wannan ɗan guzurin ya addabi majalisar bakin tasha. Ko akuya ce ta gifta sai ya gyara tabarau ya yi mata bayani.

Ana nan sai Alhaji Barau, dillalin hatsi, ya buɗe makarantar firamare, yana neman malamin kimiyya. Aikin har da ɗaki da babur. Sallau na jin haka ya shiga gaya wa mutane cewa an riga an ba shi, saura sanarwa kawai. Har ya fara koyon tuƙi da babur ɗin maƙwabcinsa, ya kayar wa mai rake da baro sau biyu.

Alhaji bai yi boko ba, saboda haka ya ce a haɗu a makarantar bayan azahar, shugabar makarantar, Malama Hansatu, ta ɗan tattauna da shi. Mace ce marar hayaniya, ta shekara ashirin tana koyarwa. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya. Alhaji ya sa Tabawa, wata dattijuwa mai sayar da abinci a ƙofar makarantar, ta kawo farfesun tarwaɗa a babban kwano. Tun da aka buɗe kwanon idon Sallau ya sauka a kan wani ƙaton yanki na tsakiya, wanda Tabawa ta juya wajen Alhaji.

Malama ta tambaye shi me zai fara koya wa yara. Sallau ya yi gyaran murya. Ya ce dabbobi masu ƙashin baya, wato masu jerin ƙasusuwa daga wuya zuwa wutsiya. Ya ɗaga yatsu biyar ya lissafa: kifaye, sai kwaɗi da danginsu masu zama a ruwa da tudu, sai masu jan ciki, sai tsuntsaye, sai masu shayar da 'ya'yansu nono. Tiryan-tiryan, ko tuntuɓe bai yi ba. Alhaji ya gyaɗa kai har hularsa ta karkace.

Da ya tsaya nan da yanzu yana kan babur.

Malama ta ce ya yi daidai. Sannan a hankali ta tambaye shi ina zai sa jemage.

"Tsuntsu ne mana, Malama. Ba kya ganin yana tashi?"

Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin ƙwan jemage ba, kuma ta san yana haihuwa ya shayar. Sallau ya ce ai jemagun birni daban suke. Ta ce to kada fa? Ya ce kifi ne, ƙafafu kawai ya yi saboda tsufa. Kunkuru kuwa, ya ce shi da dodon koɗi uwarsu ɗaya, tunda kowannensu da ɗakinsa yake yawo. Malama dai rubutu kawai take yi a takarda. Shi kuwa ya ɗauka iliminsa take kwafa, har yana cewa in ya yi mata sauri ta faɗa ya sassauta.

Alhaji ya nuna kwano ya ce to wannan da za mu ci fa, ai dai ita kifi ce.

Nan Sallau ya ga ƙofa ta buɗe. Ya yi dariyar manya.

"Ranka ya daɗe, nan ne jama'a ke kuskure. Tarwaɗa sunan kifi kawai gare ta. Dubi santsinta, dubi yadda take lanƙwasa. 'Yar uwar tsutsa ce irin tana, ba ta da ƙashin baya ko na magani."

Tabawa da ke tsugune tana jiran kwanonta ta ɗago kai. Ta ce, "Ɗan nan, shekara talatin ina yanka tarwaɗa. To me yake dakushe mini wuƙa?"

Sallau ya ce da sayar da kifi da sanin kifi ba ɗaya ba ne, amma tunda ana musu, bari a yi gwaji irin na kimiyya a gaban kowa. Ya naɗe hannun farar rigarsa, ya miƙa hannu caraf, ya ɗauke yankin Alhaji. Ya tura shi baki gaba ɗaya. Tauna biyu ya yi, ya haɗiye, muƙut.

Sai abu ya tsaya masa a wuya.

Karo na farko ke nan da wani a garinmu ya ga bakin Sallau a buɗe ba magana. Idanu suka firfito, tabarau ya zame zuwa kan hanci. Ya kama maƙogwaro yana ƙaƙari, ƙaƙ, ƙaƙ, kamar zakaran da ya haɗiyi ƙwallon goruba. Alhaji ya miƙa masa ruwa, ruwa ya dawo ta hanci. Malama ta miƙe tana salati. Tabawa ce kaɗai ba ta rikice ba. Ta ɗaure zani, ta zagaya bayansa, ta dunƙule hannun nan nata na daka, ta ɗirka masa a tsakiyar baya. Tim. Ta ƙara. Tim. A na uku abu ya yi fit daga bakinsa, ya faɗa kan murfin kwano, ƙwal.

Duka suka leƙa. Gaɓoɓi uku ne na ƙashin baya, farare tas, a jere, kowace da 'yan ƙayoyinta a gefe.

Sallau na zaune yana haki, hawaye da majina sun haɗe da romo a gaban farar riga. Ya buɗe baki zai yi bayani, murya ta ƙi fita, sai wani ɗan siririn fito.

Alhaji Barau ya sa yatsu biyu ya ɗauki ƙashin, ya ɗaga shi sama, ya jujjuya shi a hasken rana. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙa wa shugabar makaranta.

"Malama, a wanke wannan a kai shi aji. Mun samu malamin kimiyya."