Yadda Za Ka Koyar da Bayoloji Ba Tare da Ka Sauka Ƙasan Cibiya Ba

Malam, idan aka damƙa maka ajin bayoloji alhali 'yarka ta fari tana zaune a bencin gaba, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka kai ɗalibai tun daga ƙwayar halitta har zuwa zaman halittu a daji, bakinka bai furta abin da zai hana ka haɗa ido da iyalinka ba. An gwada hanyar a kan wani aminina, Malam Gazali, malamin bayoloji ɗaya tilo a wata sakandare a Kebbe. Mutane na cewa muna kama, har babur ɗinmu lamba ɗaya. Wannan ba ya cikin darasi.

Ga damuwarsa. 'Yarsa ta fari da ke ajinsa ta ƙwallafa rai a kan makarantar ungozoma, ba a shiga kuwa sai da kiredit a bayoloji. A tsakiyar manhaja kuma ga babin haihuwar ɗan Adam, da zane-zanensa. Mutumin da ko sunanta ba ya iya faɗa saboda kunyar 'yar fari, shi zai tsaya gaban allo ya yi mata wannan bayani?

1. Yi zamanka a cikin sel

Sel, wato ƙwayar halitta, wuri ne mai rufin asiri. Ce musu gida ne: fatarsa katanga, nukiliya maigida, mitokondiriya madafa. Zana na tsiro, zana na dabba, goge, sake zanawa. Kawo ɓawon albasa da madubin ƙara girma guda ɗaya da makaranta ta mallaka, a yi layi kowa ya leƙa. Wanda ya ce bai ga komai ba, mayar da shi ƙarshen layi. Gazali ya cinye zango guda a haka.

2. Fita da su gindin darbejiya

Ganye yana haɗa hasken rana da ruwa da iskar da muke fitarwa ya dafa abincinsa. Babu abin kunya a nan, don haka ja shi iya ja. In kana son yi wa 'yarka tambaya, ce, "Ke mai farin hijabi." 'Yan matan ajin duk farin hijabi gare su, duk za su ɗago. Wadda ta sunkuyar da kai ita ce taka.

3. Tsaya a ƙoda

Bi lomar tuwo daga baki zuwa tumbi zuwa hanji. Yabi zuciya yadda take harba jini ba hutu, yabi huhu. Da ka iso ƙoda, taka burki, iyaka ke nan. Babban hoton jikin mutum da ke rataye a bango, naɗe ƙasansa ka danne da ƙusa. Mai tambaya, ce masa gara ta ci.

4. Ranar da babin ya iso, kada ta same ka

Malami na ƙwarai yana da zumunci. Makon farko Gazali ya tafi ta'aziyyar wani tsoho a Fakku. Mako na biyu tayar babur ta yi faci. Na uku ya koma Fakku, aka sake yi wa tsohon nan addu'a, 'yan gidan har suna mamakin irin ƙaunar da yake masa.

In an ritsa ka, nemi furen kuɓewa. Nuna musu garin da ƙudan zuma ke kwasa daga wannan fure zuwa wancan, ka rufe da salati.

Sai dai ka yi hattara da ƙawaye. Fiddausi, aminiyar yarinyar, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wanga na kuɓewa na. Na mutane fa? Ɗiyarka Mu'minatu ta ce shina cikin shafin da munka tsallake."

"Ku karanta a gida," in ji Gazali, yana ƙidayar hudojin kwanon rufi.

A gida ma bai tsira ba. Matarsa Zahara'u ta ajiye masa ruwa ta ce, "Malam, yarinyar ga ta ce akwai wurin da ba ta gane ba."

"Ki gwada mata."

"Ni da nit tsaya aji fuɗu? Haihuwa dai na iya ta. Zanenta na ban iya ba."

A irin wannan lokaci, tuna ba ka ba tumaki dusa ba.

5. Yi tsalle zuwa gado

Yanzu bayyana yadda maraƙi ke ɗauko jar fatar uwarsa da ƙahon ubansa. Za a tambaye ka ta ina kamannin ke bi. Ce ta cikin sel. In an matsa, sake zana sel.

6. Sake su a daji

Nan za ka yi numfashi. Rana ta ciyar da dawa, saniya ta ci kara bayan girbi, ta bar taki a gona, ƙwayoyin ƙasa su ruɓar da shi, baɗi dawa ta yi kyau. Fara ta ci ganye, ƙadangare ya ci fara, shaho ya sure ƙadangare. Kowa yana cin kowa, kuma kowa yana ƙaruwa. Yadda suke ƙaruwar, wannan ikon Allah ne. Rufe littafi, ka gama manhaja.

7. Karɓi sakamako da haƙuri

Tambayar babin haihuwa ta fito a jarrabawar ƙarshe, babba, har da zane. Yarinyar ta zana furen kuɓewa, mai kyau kuwa, kowane sashe da sunansa daidai. Da sakamako ya zo, ta ci komai ban da darasin ubanta.

Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta kawo masa tuwo, ta durƙusa ta ce, "Baba, ba komi. Baɗi sai in sake."

Tuwon nan ya ƙi wucewa, duk da ya san sunan kowane lungu da zai bi. Kunyar da ya yi ta gudu ba ta kai rabin wadda ya ji a ranar ba.

Tun daga nan, duk Asabar yake goya ta a babur zuwa Tambuwal, wurin wata Malama Hadijatu mai koyar da masu sake jarrabawa. Shi sai ya fake a waje, wai yana duba sarƙar babur. Rannan Malama ta leƙo ta taga.

"Malam Gazali, rabin ajin ga ɗalibanka na, kuma duk wuri guda sunka faɗi. Bana ma akwai wasu hannunka, ko ba haka ba? Shigo, akwai benci baya."

Ya shiga. Yarinyar ba ta waigo ba, ta dai miƙo masa biro ta bayan kafaɗa.

Gargaɗi

Marubucin nan ba ya ɗaukar alhakin kiredit ɗin da ya salwanta, ko shekarar da ta tafi, ko ciwon gwiwar da gajeren benci ke sa wa mai furfura. Duk wanda ya bi matakan nan ya ga ba daidai ba, shi ya jiyo. Mai ƙorafi ya same ni Tambuwal ranar Asabar, amma ya jira a tashi, don Malama ba ta yarda mu na baya mu yi surutu.