Barewa Ta Rasu a Hanyar Dundaye

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fuskar da kwana tara ke nan ba ta iya ɗagowa ta dubi mutane ba, Malam Tukur Mode, mai sayar da hatsi a kasuwar Sakkwato, mazaunin Runjin Sambo, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Barewa, jar motar nan mai ƙofa biyu da silinda shida, wadda ajali ya riske ta ranar Talata bayan la'asar a kan hanyar Dundaye. Ta rasu tana da shekara biyu da wata huɗu, bayan gajeriyar rashin lafiya da mai wannan sanarwa ya sayo mata da kuɗinsa, ya kuma biya ladan saka mata ita.

Gara a faɗa tun da wuri, tunda duk unguwa ta sani: marigayiyar ba ta Tukur ba ce. Ta wansa ce, Ɗahiru Mode, wanda yanzu haka yana ƙasa mai tsarki, ya gama aikin Hajji yana jiran jirgi. Ranar da zai tashi ya bi gida ɗaki ɗaki yana neman yafiya kamar yadda maniyyata ke yi, har ya zo kan ƙanensa, duk da ya girme shi, ya ce a yafe masa. Sannan ya ciro makulli ya danƙa wa Tukur, ya bar masa wasiyya guda uku. A riƙa ɗumama ta kowace safiya. A kai mahaifiyarsu, Inna Atika, asibiti ranar awon jininta. In ya dawo, a zo da ita filin jirgi a ɗauke shi. Tukur ya sha bin wasiyyar nan a ransa daga farko har ƙarshe cikin kwana taran nan, bai sami inda aka ce a ƙara mata gudu ba.

Marigayiyar ta iso Sakkwato daga Legas a shekarar 1975, lokacin da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka cika gari, kowane akawu ya sayi babur. Duk wanda ya zauna da ita zai ba da shaidar alheri. Murɗa ɗaya take tashi. Muryarta da safe, “rrrum, rrrum,” ƙasa-ƙasa take, irin gyaran muryar dattijon da ya san ba sai ya ɗaga harshe ba. Ba ta shan baƙin mai, ba ta zafi, ba a taɓa tara mutane don tura ta ba. In ta zo shingen sojoji takan tsaya da ladabi, har su kan zagaya ta suna dubawa su manta abin da suka tsayar da ita a kai. Da gudunta, wanda ya ishi duk mai hankali, amma in Inna Atika na ciki sai ta bi ramuka a hankali, tsohuwar ta yi gyangyaɗi har ƙofar asibiti. Ɗahiru bai taɓa yarda an sa mata ko tiya ɗaya ta gero ba, alhali shi ma da kuɗin hatsi ya saye ta.

Ciwon ajalinta bai faro daga injinta ba, daga zuciyar Tukur ya faro. Wata Jumma'a yana dawowa daga Boɗinga, ya ɗora gwiwar hannu a taga kamar motar tasa ce, sai ga Sodangi ɗan kwangila, wanda ya sami aikin gina barikin soja ya kuma sayi sabuwar mota, ya wuce shi fiii. Wucewar ba ita ta yi zafi ba. Hannu Sodangi ya fito da shi ta taga yana yafitowa, wai a biyo shi. Kafin gari ya waye labari ya riga Tukur zuwa layin 'yan hatsi, kowa ya zo wucewa sai ya tsaya ya yi masa ina gajiyar bin baya. Mutum mai shekara arba'in da shida, mai 'ya'ya bakwai, wannan ne ya hana shi cin tuwo.

A nan ne ya ji labarin wani abu wai shi turbo: wani ƙarfe mai siffar katantanwa, da ke karɓar hayaƙin salansa ya juya da shi, ya riƙa cusa wa inji iska fiye da yadda zai shaƙa da kansa. Aka ce iri biyu ne. Akwai mai tsada, wanda sai an kai mota Kaduna wajen injiniya, an sauke inji an canja fistin. Akwai kuma wanda wani fatake ya zo da shi a kwali marar suna, ya rantse kowace mota yana shiga. Kullum Tukur na gaya wa masu neman geron araha cewa araha ba ta ado. Na kwalin ya saya.

Malam Illo, bakaniken Tudun Wada, shi aka kai wa aikin, kuma wannan sanarwa tana wanke shi a gaban jama'a. Shekara ashirin yana gyaran manyan motoci da ƙanana, bai taɓa ganin abin ba, bai kuma ɓoye ba. Ya jujjuya 'yar takardar da ke cikin kwalin, shafi goma sha biyu cikin wani harshen da ko malamin makarantar boko na unguwa bai gane ba, ya ce shi a ganinsa a jira mai abu ya dawo. Tukur ya ce mai abu shi ne har ranar da jirgi zai sauka. Illo ya girgiza kai, ya buɗe bonet.

Kwana uku aka yi ana fama. Bututun da suka zo a kwalin babu wanda ya dace da wani, sai da mai walda ya yanke nan ya ƙara can. Aka huda gindin inji aka jawo wa katantanwar baƙin mai. Da Illo ya ce ƙarin iska na son ƙarin fetur, kuma ramin kafireta ya yi ƙanƙanta, Tukur ne ya zaro basillar ɗinkin buhu daga aljihu ya miƙa, aka faɗaɗa ramin da ita. Saitin wuta kuwa da kunne aka yi shi, Illo ya kara dogon sukurdireba a jikin inji, ya ɗora kunne a kan ƙotar, yana murɗawa kaɗan kaɗan. Abin mamaki, ta tashi. Aka taka ta a kan kwalta, ta yi wani sabon kuka siriri, “wiiii,” ta manna Tukur da kujera. Da an tsaya nan, mai yiwuwa da yanzu tana raye, tana tari ne kawai.

Amma a gefen katantanwar akwai wata 'yar ƙofa mai sifirin, wadda in iska ta yi yawa take buɗewa ta zubar da rarar. Duk lokacin da aka taka da ƙarfi sai a ji marigayiyar ta ce “fsss.” Wanda bai san Tukur ba ba zai gane abin da wannan sauti ya yi masa ba. Shekara talatin yana cikin hatsi. In ya ji ƙwaya ɗaya na ɗiga daga buhu a ƙarshen sito, ajiye loma yake ya tashi ya ɗinke. Ya ce shi iska ya saya da kuɗinsa, ga ta tana yoyo a hanya. Illo ya ce ba yoyo ba ne, numfashi ne, ko tukunyar wake sai an ɗan gusa mata murfi, kuma waɗanda suka ƙera abin ba don ado suka sa ƙofar ba. Tukur ya ce ai da ma haka masu ƙira suke, su rage maka mudu ka koma ka sayi babba. Illo ya ajiye sifana ya ce hannunsa ba ya ciki, ya kira mai walda ya zama shaida. Tukur da kansa ya ɗauki waya ya ɗaure 'yar ƙofar nan, zagaye uku, ya yi mata ƙullin bakin buhu, irin wanda ba ya kwancewa ko an jefo shi daga saman tirela. Aka tayar, “fsss” ya ɓace. Ya koma gida yana jin ya fi Turawa wayo.

Ranar Talata ya sami labarin Sodangi zai je duba wata kwalbati a hanyar Dundaye. Tun safe marigayiyar take wani ƙorafi in an taka ta, “ƙwal-ƙwal-ƙwal,” kamar tsakuwa a gwangwani. Yanzu Illo ya bayyana masa cewa kukan inji ne da ake dukansa daga ciki. A lokacin Tukur ɗauka ya yi zumuɗi ne. Ya hango motar Sodangi bayan gada, ya sauke giya, ya take totur har ƙasa. A rubuta wa marigayiyar wannan cikin ayyukanta: ta wuce shi. Ta wuce shi kamar yana tsaye. Tukur ya fito da hannu ta taga ya fara yafitowa, allurar zafi tana can cikin ja bai duba ba. Hannun na waje ta yi maganarta ta ƙarshe, “ɗim,” sannan “tssss.” Farin hayaƙi ya turnuƙe, baƙin mai ya malale a kan kwalta. Da aka ɗaga bonet sai ga fistin ya fasa gefen inji ya leƙo.

Sodangi ya tsaya. Da ma dariya ya yi, da an sami abin ƙi. Fitowa ya yi ya tambayi ko an ji ciwo, ya yi jaje da gaske, ya ce a zo ya rage hanya. Tukur ya kasa kallonsa. Manoman Dundaye da ke yankan dawa suka taru da laujensu, suka yi da'ira. Daga ƙarshe wani bawan Allah mai suna Gidaɗo, da ke dawowa daga kai albasa da raƙuminsa, ya ɗaura igiya. Haka gawar ta shigo Runjin Sambo, raƙumi a gaba yana tauna, Tukur a ciki riƙe da sitiyari, daidai lokacin da ake fitowa daga sallar magariba.

Marigayiyar ta bar taya huɗu da safaya ɗaya, dukansu da sauran ƙarfi. Ta bar rediyo mai kaset, da carbin da ke rataye a madubi, da makulli. Ta bar katantanwar, wadda ko ƙwarzane ba ta yi ba. Ta bar Inna Atika, da yanzu take zuwa asibiti a tasi, wadda ba ta yi faɗa ba, tambaya ɗaya kawai ta yi, ko Ɗahiru ne ya ce a yi hakan. Ta kuma bar mai ita, wanda har yanzu bai san ya yi rashi ba.

Masu jaje suna ta cewa tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Mai sanarwa yana godiya, amma ya san bambancin tsautsayi da ganganci. Wasu sun ba shi shawara ya ce haka kawai inji ya buga, motocin zamani ba su da tabbas. Ba zai ɓoye ba, shawarar ta kwana a ransa. Har ya koma Tudun Wada ya roƙi Illo ya cire katantanwar a jefa ta rijiya. Illo ya ce cirewa aikin awa ɗaya ne, sai dai ramin da ke gefen injin nan basilla ba ta ɗinke shi. Tukur ya fito daga garejin da kunya biyu maimakon ɗaya.

Abin da ya sa aka fitar da wannan sanarwa yau shi ne saƙon da maƙwabcinsu Alhaji Muntari, da ya sauka a jirgin farko, ya kawo jiya. Ya ce Ɗahiru na lafiya. Ya ce ya ji shi da kunnensa a Arfa yana ambaton sunan Tukur cikin addu'a, kuma ya sha gaya wa abokan ɗaki cewa shi yana da ƙanen da za a bar wa gida a yi barci da minshari. Ya ce Ɗahiru ya sayo wa Barewa rigar sitiyari ta karan-miski, kore. Jirginsu ranar Asabar da hantsi, kuma Ɗahiru ya ce a wanke ta.

Ga tsarin jana'iza. Ba za a yi salla ba, liman ya ce ƙarfe ba shi da ita. Za a yi wa marigayiyar wanka ranar Jumma'a da safe a ƙofar gida, ƙarƙashin itacen dogon yaro, kuma Tukur ne zai yi shi da hannunsa, tunda an ce a wanke ta. Daga nan za a lulluɓe ta da tampol. Ba za a kai ta makwancinta a bayan garejin Illo ba sai mai ita ya gan ta da idonsa. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su kawo wa Tukur gaisuwa, ba shi aka yi wa mutuwa ba, shi ya yi ta. Mai karɓar gaisuwa yana tafe.

Roƙo na ƙarshe ga duk wanda zai je tarbar alhazai ranar Asabar: don girman Allah a kama baki. Kada wani ya riga shi, kada a yi ishara, kada a ce motar na wajen gyara. Tukur zai zo a tasi, zai tsaya a sahun gaba inda wansa zai fara ganinsa. Zai faɗa da bakinsa kafin ya karɓi dabino ko ya kurɓi zamzam. Makullin na aljihunsa na dama, wayar da ya ɗaure ƙofar da ita na na hagu, duka biyun zai miƙa.