Shafin Da Gara Ta Ci

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka yi wa Malam Isiyaku walimar ban-kwana ba, ko da kuwa na so in manta.

Shi ne malaminmu na Turanci a sakandare a Malumfashi. Mutum ne mai riƙe lema ko babu rana babu ruwa, yana tafe yana magana shi kaɗai. A bayan idonsa ɗalibai na cewa Malam ya ɗan taɓu. Ni kuwa, da ko gaisuwa sai na yi shawara da zuciyata, shi kaɗai ya san ina makarantar. Littattafansa duk sun kwana a ɗakina. Da ya yi ritaya aka ce ni zan karanta jawabin ɗalibai.

Sati biyu ina neman kalmar yabo ta Turanci wadda ba kowa ya sani ba (girman kan mai shiru, ai ya fi na kowa). Na same ta a tsohon ƙamus ɗin babana: crank, ƙarfen da ake juyawa a tayar da inji. Babana yana da injin niƙa a Tsiga, na san ba don wannan ƙarfen ba, garin nan ba mai tuƙa tuwo. Akwai layi biyu a ƙasan bayanin, amma gara ta cinye su. Na ce abin da ya rage ya ishe ni.

Ranar walima na miƙe, na faɗa da Turanci cewa a duk ƙasar Katsina babu crank kamar Malam Isiyaku. Don kada wani ya ce bai ji ba, na maimaita.

Ɗalibai suka tafa, don ba su gane ba. Malamai suka sunkuyar da kai. Sai Nkechi, 'yar mai shagon kayan babur, haifaffiyar garin, ta ƙyalƙyale da dariya.

“Kai, ustaz! Ashe kai ma ka iya zagi? Mahaukaci fa ka ce masa!”

Da Hausa ta faɗa, da ƙarfi. Nan zauren ya ruɗe. Abin da aka shekara ashirin ana raɗawa, ni na faɗe shi a lasifika.

Bayan an watse Malam ya kira ni gindin darbejiya. Na so ya mare ni. Sai ya ce in fito da biro.

“Rubuta, ɗana. Asalin kalmar abu ne lanƙwasasshe. Shi ya sa ake kiran ƙarfen inji da ita, ake kuma kiran mai karkataccen tunani. Tana da 'yan'uwa. Crackpot, tsagaggiyar tukunya, tukunyar kuwa kai ake nufi. Oddball, ƙwallon da ya fita daban. Duk an kira ni da su, har da na Hausa.”

“Malam, wallahi injin Baba nake nufi. Gara ce ta...”

“Na sani. Da mugunta ce da ta fi mini sauƙi. Na ɗauka ko kai kaɗai ne na koya maka duba ma'ana ta biyu.”

Ya buɗe lemarsa ya tafi. Ya koma Kafur yana noman masara. Littafinsa guda yana wurina har yau. Sau uku ina hawa mota don in mayar masa, ina sauka kafin ta cika.

Darasin da na koya? In ka ga gara ta ci wuri a littafi, to nan ne maganar take. Ita ta karanta shafin har ƙarshe, ni ne ban karanta ba.