Rasuwar Ɗan Ja, Bat Ɗin da Inuwa Ya Gyara wa Ƙota

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama da ya rasa inda zai sa kansa, ni Malam Sharhabil Umar na Unguwar Shanu, tsohon malamin firamare, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar bat ɗina na buga ƙwallon tebur, wanda aka fi sani da Ɗan Ja. Ya rasu ranar Talata bayan la'asar, a tsakar gidana, yana da shekara ashirin da uku. Babu kowa a kansa sai ni.

Na samo marigayin a Babbar Kasuwa, a wani shagon kayan wasanni da yanzu ya koma sayar da cajar waya. Bat tara na gwada ran nan. Kowanne sai na ƙwanƙwasa shi a goshina in ji muryar katakon, har mai shago ya fara yi mini kallon tausayi. Takwas suka amsa kamar murfin tukunya. Shi kuwa ya ce ƙwal, ƙwal, a tsanake. Aibinsa ɗaya, ƙotarsa ta yi mini kauri, domin ƙaramin yatsana ya karye tun ina yaro, bai ƙara lanƙwasuwa daidai ba. Abokin wasana, Inuwa Kafinta na Hayin Banki, shi ya karɓe shi ya tafi da shi shagonsa. Kwana uku yana goge ƙotar da samfefa, yana sa ni in damƙa, yana duba inda yatsan ya tsaya, har ya yi masa ɗan gurbi. Tun daga nan babu hannun da bat ɗin ke zama a cikinsa sai nawa.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, alhali ni na ɗora masa ba adadi. Jar fuskarsa ta kai hari ce, baƙar kuma ta tsaron gida. Sau shida aka sake masa roba, ya sha gam bai yi ƙorafi ba. Lokacin da yake ganiyarsa, in ka danna shi a kan ƙwallo, sai ya ɗago ta daga tebur ya riƙe har ka ƙirga uku.

Wasan nan yana da wata al'ada: kafin a fara, kowa ya miƙa wa abokin karawarsa bat ɗinsa ya duba. Shekara ashirin, duk Asabar bayan la'asar, ni da Inuwa muna wannan musaya a gindin darbejiyar gidana, kamar ba mu taɓa ganin bat ɗin juna ba. Ya juya nawa, ya shafa robar da babban yatsa, ya ce yau ma na fito da kayan zalunci. Ni kuma in juya nasa in ce da wannan gara ludayin miya. Sai kowa ya karɓi abinsa, a fara.

Game da jinyarsa, zan faɗi gaskiya, tunda ba a yin kwana-kwana a sanarwar mutuwa. Ciwon ya fara ne shekara uku da suka wuce. Wata Asabar Inuwa ya daɗe yana shafa jar fuskar, sannan ya ce robar ta mutu, ta yi santsi, in sake ta. A lokacin na yi wata biyu ina lallasa shi, kaina ya kumbura. Sai na ce, “Kafinta, roba lafiyarta lau. Idonka ne ya mutu.”

Dariya nake jira. Ya ajiye Ɗan Ja a kan tebur a hankali, ya ce, “Ashe ka lura, Malam.” Ya lalubi takalmansa ya fita.

Wallahi ban lura ba. Daga baya 'yarsa Umaima ta gaya mini likita ya riga ya shaida masa ganinsa yana tafiya, kuma ba mai dawowa ba ne. Ya ɓoye wa kowa. Da kunne yake wasa, ƙarar Ɗan Ja yake bi ya gane inda ƙwallo ta nufa. Nasarar da nake ta yi wa fankama ke nan. Daga gidana zuwa Hayin Banki Keke Napep ɗaya ne. Sau biyu ina kaiwa bakin layinsu, kunya tana juyo da ni.

Tun daga nan na naɗe rabin tebur na tsayar da shi, nake buga ƙwallo tana dawo mini. Ƙwal, tak, ƙwal, tak, har a kira magariba. Katakon teburin ba ya tsokana, ba ya neman duba bat. Na kuma ƙi sake robar, don in na sake ta na yarda ke nan. Ranar Talata ƙwallo ta zame sau uku a jere, ta ukun ta faɗa kwata. Haushi ya kama ni, na maka shi a gefen tebur. Da na ƙwanƙwasa shi a goshi, sai ya ce ɗaf. Wuyansa ya tsage, dab da gurbin yatsana. Na danna gawar a kan ƙwallo, ta sulluɓe kamar a kan faranti. Inuwa ne mai gaskiya tun ran nan.

Ranar Laraba na koma kasuwa na damƙi sababbi har bakwai. Duk masu kyau ne, amma babu wanda ya san yatsana.

Marigayin ya bar ƙwallaye huɗu, ɗaya a lotse, da raga mai ɗinki biyu, da jakar atamfa da matata marigayiya Jummai ta ɗinka masa. Ya kuma bar ɗan'uwa guda, wato bat ɗin Inuwa, wanda yake hannuna lokacin da ya fita. Yana rataye a ɗakina, ina goge shi duk Juma'a. Musayar ran nan har yau ba a ƙarasa ta ba.

Bisa al'ada, ana roƙon duk wanda mamaci ya ɓata wa rai ya yafe masa. Wannan mamacin bai ɓata wa kowa ba, mai shi ne ya yi ɓarnar. Umaima, don Allah ki karanta wa babanki wannan wurin sau biyu.

Liman ya tabbatar mini ba a yi wa katako salla, don haka za a binne shi kawai a gindin darbejiya, ranar Asabar bayan la'asar. Ba a buƙatar taro. An shimfiɗa tabarma ta mutum biyu, akwai shayi. Sai dai ba za a sa marigayin a ƙasa ba sai abokin karawa ya karɓe shi ya duba, kuma da babban yatsa ake wannan aiki, ba a buƙatar ido. Zan bar ƙofa a buɗe har magariba. In bai samu zuwa ba, an ɗage jana'izar zuwa Asabar ta gaba.