Dafa-dukar da Ta Sa Aka Riƙe Babur ɗin Yaya Sabi'u

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Alhamis ɗin nan ba, ko da kuwa zan manta sunan makarantar da na gama. Ina tsugune a tsakar gidanmu a Gumel ina wanke-wanke, sai wayata ta yi ƙara da wata doguwar lamba wadda ba irin tamu ba. Na goge hannu a zani na ɗauka. Wata murya mai kauri, da Hausar mutanen Damagaram, ta ce, "Allo, madam, ke ce mai hanyar nan ta shinkafa? Ina da kaya a ƙasa, ina son a tsallaka mini da su ba tare da duwan, wato kwastan, sun gani ba."

Na ce, "Malam, ka yi kuskuren lamba. Ni girki nake koyarwa."

Ya ce, "Babu kuskure. Ga lambarki nan a ƙasan hoton yaron nan mai babur."

Yaron nan mai babur yayana ne, Yaya Sabi'u, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a daidai wannan lokacin yana kan hanyar kasuwar Maigatari da kayan mutane a bayansa.

Bari in koma baya kaɗan, don ku san irin wautar da na tafka. Bayan na gama sakandare na zauna a gida, ba karatu ba sana'a, sai na buɗe shafin girke-girke a intanet. Dambu, ɗanwake, miyar zogale, kunun gyaɗa, duk abin da Inna ta koya mini sai in rubuta. Masu karantawa kuwa ni ce, sai wata ƙawata, sai Gwaggona ta Gagarawa (ita ma daga baya na gano kuskuren dannawa take yi). Abin ya dame ni. Mutum ya ɓata yini yana bayanin yadda ake turara dambu, a ce ko kare bai leƙo ba.

Ana nan sai na shiga wani zaure a waya inda wata malama take koyar da dabarun da ke sa shafin mutum ya fito a sama idan an yi bincike. Ta ce ki gano kalmomin da mutane suka fi nema, ki sa su a kanun rubutunki. Ki maimaita su a cikin rubutun. Ki ambaci sunan garin da ke kusa da ke. Kada ki saci hoton wani, ki sa naki, ki kuma raɗa wa hoton suna da waɗannan kalmomi, sannan ki ajiye lambar waya don a san ke mutum ce. Tsakani da Allah matar nan ba ta cuce ni ba. A ƙarshen darasin ta yi gargaɗi cewa dole kalmomin su dace da abin da aka rubuta, amma ni a lokacin na riga na tashi neman biro, zumuɗi ya toshe mini kunne.

Girkin da ke gabana a makon dafa-duka ce. Na shiga wurin bincike na rubuta "shinkafa Maigatari" don in ga me mutane ke nema. Tun kafin in gama rubutawa injin ya fara ƙarasa mini da kansa: hanyar shigo da shinkafa 'yar waje, shinkafar sumoga, yadda ake kauce wa shinge. Mai hankali da ya ga haka sai ya ce a'uzubillahi ya rufe waya. Ni kuwa sai na ji kamar na tsinci dami a kala. Na zauna na tsara kanu mai kyau: "Hanya mafi sauƙi ta shigo da shinkafa 'yar waje ta Maigatari ba tare da an kama ka ba." A ƙasansa na jero albasa da attaruhu da manja.

Saura hoto. Ba ni da hoton buhun shinkafa, don mu a gidanmu a kwano ake auno ta. Amma ina da wani hoto da na ɗauki Yaya Sabi'u a lokacin kaka, ranar da ya kwaso geron Baba daga gonarmu ta Ɗanzomo. Ga shi nan a kan sabon babur ɗinsa, buhuna a ɗaure a baya, yana murmushi har kunne, lambar babur ɗin tana ƙyalli tar kamar an wanke ta don hoton. Na ce ai buhu buhu ne, wa zai leƙa ciki? Na raɗa wa hoton suna "shinkafar sumoga a Maigatari", na ɗora, ban ko tambaye shi ba.

Abin takaicin, dabarar ta ci. Cikin 'yan kwanaki masu shiga shafina suka yi yawan da ban taɓa gani ba. Na dinga bin Inna har madafa ina nuna mata, ina cewa 'yarki ta zama ta ɗaya a intanet. Ta ce, "To, Allah ya sa ta ɗayan alheri ce, miƙo mini muciya." Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina su wane ne waɗannan mutane da suka kamu da son dafa-duka dare ɗaya ba.

To, mu dawo safiyar Alhamis. Ina kashe wayar mutumin na kira Yaya Sabi'u, tana shiga ba a ɗauka. Na sake kira, shiru. Nan take na shiga shafin na goge rubutun gaba ɗaya, har na ɗan ji sanyi a raina, wai ni mai wayo na ɓatar da sawu. Na koma kan wanke-wanke, kwano ɗaya na yi ta cuɗawa har Inna ta ce ko so nake in huda shi.

Kafin azahar Baba ya shigo. Baba mutum ne da ba ya shiga gida sai ya yi gyaran murya a zaure ya tsaya an amsa sallama, amma ranar sai ganinsa muka yi a tsakar gida, hularsa a karkace. Ya ce, "Ke Auta, me kika rubuta a waya?"

Na ce, "Girki ne, Baba."

Ya ce, "Girki ne ya sa aka tsare ɗan'uwanki a shinge? Yanzu abokin acaɓarsa ya zo ya gaya mini. An karɓe babur, an ce hotonsa na yawo a matsayin ɗan sumoga, kuma an ce a kawo wadda ta rubuta."

Inna ta saki salati ta zauna a kan turmi. Babur ɗin nan shi ne abincin Yaya Sabi'u, da shi yake jigilar mutane da kaya tsakanin Gumel da Sule Tankarkar da Maigatari, da shi yake taimakon gidan. Ga shi kuma an ce a kawo ni. Ni da ko ofishin shugabar makaranta aka kira ni sai na yi zazzaɓi.

Baba bai taɓa tsayawa gaban hukuma ba tunda aka haife shi, don haka ya yi abin da kowane dattijo a unguwarmu zai yi, ya tafi wurin Mai Unguwa. Mai Unguwa ya yafa babbar riga, muka shiga motar haya mu uku. Ina zaune a baya cikin hijabi, duk addu'ar da na iya na karanta, har da ta shiga kasuwa. Manyan motoci na wuce mu, shanu da raƙuma ana kora su kasuwa, kowa na harkarsa, ni kaɗai ce nake lissafin ko a gidan yari ana barin mutum da hijabinsa.

Muna isa ofishin jami'an kan iyaka na hango babur ɗin a jingine a gindin bishiya. Yaya Sabi'u na zaune a kan benci, ya haɗa tagumi. Na ce, "Yaya, sannu." Ko kallona bai yi ba. Ashe zoɓon wani ɗan kasuwa ya ɗauko ranar, an kwance an duba ba a ga komai ba, amma mai kayan ya tsorata, ya kira wani babur ya kwashe abinsa.

Jami'in da ya karɓe mu babban mutum ne mai furfura a gemu, ya gaida Mai Unguwa da girmamawa, ya sa aka kawo kujeru. Sannan ya juyo gare ni. "Ke ce marubuciyar?"

Na ce, "Ni ce, yallaɓai, amma wallahi na goge."

Ya ce, "Mun ga kin goge. Mai gaskiya me zai sa ya goge?" Ya ciro wayarsa, ashe tun tuni sun ɗauki hoton rubutun daga sama har ƙasa. Ya miƙo mini. "Karanta mana da bakinki, iyayenki su ji."

Jama'a, da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe. Ga Baba, ga Mai Unguwa, ga jami'ai sun taru a bakin ƙofa, ga Yaya Sabi'u. Na fara da murya kamar ta sauro.

"Assalamu alaikum 'yan'uwa mata. Yau za mu koyi hanya mafi sauƙi ta shigo da shinkafa 'yar waje ta Maigatari ba tare da an kama ka ba. Da farko ki samu albasarki manya ki yanka."

Wani a bakin ƙofa ya yi tari irin na mai danne dariya. Jami'in ya ce in ci gaba.

"Idan manja ya yi zafi, sai ki tuna cewa shinkafar sumoga ta Maigatari ba ta son ruwa da yawa. Ki wanke shinkafar sumoga ta Maigatari, ki tsane ta. Masu neman hanyar shigo da shinkafa 'yar waje ta Maigatari su rage wuta, kada ta kama."

Mai Unguwa ya ɗaga hannu. "Dakata, 'yar nan. Wannan girki ne ko shela? Me ya sa kike ta nanata magana ɗaya kamar mai bitar allo?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, injin bincike ne yake son haka. In ka maimaita sai ya ɗora ka a sama."

Ya ce, "To ga shi ya ɗora ki. Shi injin yana ina yanzu? Ya zo belinki?"

Nan fa dariyar da ake dannewa ta ɓalle, har da jami'in mai furfura. Kowa ya dara ban da mutum uku, ni da Yaya Sabi'u da Baba. Baba ya miƙe tsaye, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Ya ce, "Yallaɓai, buhunan da ke hoton nan gero ne. Na gonata ne a Ɗanzomo, ni na ɗaure bakinsu da hannuna. Yaron nan bai taɓa ɗauko abin da hukuma ta hana ba. Yarinya ce ta yi yarinta, ni ne ban sa ido ba. A yi mana afuwa." Duk kunyar karatun da na yi ba ta kai zafin wannan ba. Har yau idan na tuna hular nan a hannunsa sai in ji abinci ya fita raina.

Jami'in ya ce maganar ba a hannunsa kaɗai take ba, sai mai gidansu ya dawo daga zagaye. Muka zauna jira. Aka yi azahar, rana ta karkata, kasuwa ta fara watsewa, ranar da Yaya Sabi'u ya fi samun aiki a duk mako ta wuce yana kan benci. Duk motar da ta tsaya sai in ce shi ke nan, wadda za ta tafi da ni ce. Wata jami'a ta miƙo mini ruwan leda, na kasa ko huda shi.

Sai bayan an idar da sallar la'asar jami'in ya fito daga ciki da makullin babur a hannunsa. Ya miƙa wa Yaya Sabi'u, sannan ya dube ni ya ce, "An duba, babu tuhuma a kanki, babu a kansa. Ki tafi gida, ba abin da za a yi miki. Amma ki sani, ba mata masu girki kaɗai ke bincike a waya ba, mu ma muna yi."

Na durƙusa na yi godiya, hawaye na zuba, na ma rasa wa nake gode wa. A nan na fahimci abin da malamar zaure ta faɗa ban saurara ba: duk kalmar da ka yi kira da ita, masu ita ne za su amsa, kuma ba lallai kai za su fara tararwa ba.

Yaya Sabi'u ya tayar da babur, ya zo daidai inda nake tsaye, ya yi mini magana ta farko a yinin. Ya ce, "Auta, gobe in za ki yi suna, ki yi da hotonki." Ya ɗauki Baba a baya suka wuce, ni kuma na bi Mai Unguwa tasha.